Abin da aka tattauna a fada kan karatun sarrafa ƙwayoyin gado

Daren Asabar a fadarmu ta unguwar Birni a Damagaram, ana shan shayi, wani ƙane da ya samu BAC D (takardar kammala sakandare a fannin kimiyya) ya ce yana son karatun sarrafa ƙwayoyin gado. Ga shawarwarin da aka ba shi.

Yayyensa suka ce kar ya ɗauka cewa sai Faransa ko Amurka. Suka ce ya fara lisans na shekara 3 a fannin ilimin halittu, ko a Jami'ar André Salifou nan gida ko a Abdou Moumouni ta Yamai, sannan masta na shekara 2 inda ƙwarewar take farawa. Wani malami ya dage cewa ya riƙe kimiyyar sinadarai da lissafi, ya kuma koyi Turanci, don da shi ake rubuta yawancin bincike.

Maganar da ta fi kama ni ita ce ta aiki. Aka ce ya nemi horo a INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ko ICRISAT ta Sadoré kusa da Yamai, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, masu binciken irin gero. Aka kawo misalin waken SAMPEA 20-T na Zariya da Najeriya ta amince da shi a 2019, wanda aka sarrafa ƙwayoyin gadonsa don ya jure tsutsar kwanso. Shi kuwa yaron, tambayarsa ɗaya: kuɗin tallafin karatu fa?