Neman kalmar Hausa: wane suna za mu raɗa wa maikiroskof?

Malamin Kawo: Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar yau ita ce maikiroskof, na'urar nan da ake leƙawa a ga abin da ido ba ya iya gani. Na san za a ce ai tana da suna tuntuni, madubin likita. Haka ne. Matsalata da sunan ɗaya ce: ya damƙa wa likita abin da ba nasa shi kaɗai ba. Darasi nake shiryawa da Hausa don yaran ƙaramar sakandare kan kamannin kayan gida idan an leƙa su ta wannan na'ura, kuma babu cuta ko ɗaya a ciki.

Gishirin miya, alal misali, in an ƙara girmansa sau 40, ba gari ba ne. Kowace ƙwaya curi ce mai fuska shida, tsawo da faɗi da tsayi kusan ɗaya, wasu an ɗan gutsure musu kusurwa. Gashin kai, wanda kaurinsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin 10 na milimita ba, a sau 400 za ka ga ashe ba sumul yake ba, ɓawo ne siriri yana hawa kan ɓawo tun daga tushe har baki. Siririyar fatar nan ta cikin albasa kuwa, a ɗiga mata aidin, sai ga ɗakuna a jere kamar bulo a katanga, kowane da ɗan ɗigonsa a ciki. To yaro ya gama ganin wannan, in ce masa sunan abin madubin likita, ai sai ya tambaye ni wace cuta ke damun albasar.

'Yar Lab: Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai a bar mana sunan da ke yi mana aiki. Tsakaninmu ma'aikata maikiroskof muke cewa, amma in dattijuwa ta tambaye ni me zan yi da jininta, na ce Baba a madubin likita zan duba, nan take ta gane, ba sai na ƙara ba. Kuma asibiti na da haƙƙi a kansa. Gwajin zazzabin cizon sauro da shi ake yi: a ɗiga jini a gilashi, a shafe shi, ya bushe, a rina shi da Giemsa, a ɗiga mai na musamman, sannan a leƙa. Idon na'urar na ƙasa yana ƙara girma sau 100, na sama sau 10, ya zama sau 1,000, a nan ake ganin ƙwayar cutar ta naɗe a cikin jan ƙwayar jini. Wanda ma ya fara ganinta a 1880, Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa ne a Aljeriya. Sai dai in za a bi gaskiya, ko a asibitin ba likita ke wuni a gabansa ba, mu ne. Wannan ƙorafin wata rana ne.

Malamin Kawo: Malama, kin ba ni hujja da bakinki. Kuma in tarihi za a bi, likita ba shi ne na farko a layi ba. Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a Holan ɗan kasuwar yadi ne, bai yi karatun likita ba. Shi ya riƙa goge ƙananan gilasai da hannunsa, a 1674 ya ga halittu suna iyo a ruwan tafki, a 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya ga wasu a ciki. Kafin nan Robert Hooke ya fitar da littafinsa na zane-zane a Landan a 1665, kuma abin da ya fara da shi tsinin allura ne da bakin aska. Allurar ya same ta dakusasshiya, askar kuma duk gibi. Ya zana yadi, ya zana ƙuma da kwarkwata. Ita kanta kalmar maikiroskof, Giovanni Faber ne ya raɗa ta a Italiya a 1625 daga kalmomin Girkanci biyu, ƙarami da dubawa. Shi ɗin likita ne, amma bai cusa sana'arsa cikin sunan ba.

Ɗan Kakuri: Malam ka tuna mini zamanin masaƙu, lokacin da Kakuri ke Kakuri. A ɗakin gwaji da maikiroskof ake rarrabe zare. Silin auduga a shimfiɗe yake, a murɗe, yana juyawa nan ya juya can. Na roba kuwa zagayayye ne, sumul, miƙaƙƙe, babu murɗi ko ɗaya. Mata a kasuwa da ashana suke nasu gwajin, in ya narke ya dunƙule roba ce, amma na'urar ba ta ƙona maka kaya. Tunda muna da madubin hangen nesa na kallon wata, me zai hana mu ce madubin hangen kusa? Sun zama wa da ƙani.

Tsohon Mai Fassara: Alhaji, Allah ya ƙara girma, tunanin haɗa su biyu yana da kyau, amma kalmar ba ta zauna ba. Hange na nesa ne. Ana hango mutum daga bakin gada, ba a hango abin da ke tafin hannu. Hangen kusa yana cin karo da kansa.

Tun da wuri kuma in rufe ƙofa ga dogayen nan da nake gani a jaridu: na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, na'urar hangen ƙwayoyin cuta, da 'yan'uwansu. Bayani ne waɗannan, ba suna ba. Mai karanta labarai zai faɗa sau ɗaya, a layi na biyu ya gaji ya koma wa Turancin. Mun ga yadda aka yi da na'ura mai ƙwaƙwalwa: an yi ta tallata ta, yau kowa kwamfuta yake cewa. Waɗanda suka rayu su ne jirgin sama, tauraron ɗan'adam, yanar gizo, gidan sauro. Gajeru, kuma kana ji ka ga hoton abin. Nawa tayin: madubin ƙwaƙƙwafi.

Mai Gyaran Waya: Baba, da girmanka, ƙwaƙƙwafi a wajenmu ba yabo ba ne. In aka ce wance ta cika bin ƙwaƙƙwafi, ana nufin tana shiga abin da babu ruwanta. Ni a kan teburina a Kasuwar Gumi akwai wannan na'ura, mai ido biyu, tana ƙara girma daga sau 7 zuwa 45, kuma ba na iya liƙa dalma a injin waya sai da ita. Ƙafar kayan cikin injin da kake gani tsaf da ido, in ka leƙa sai ka tarar ta tsage ko tsatsa ta cinye ta, ga koren dattin da ruwa ya bari. Fuskar waya ma farin da kake gani babu fari a ciki, ɗigo-ɗigo ne na ja da kore da shuɗi a jere. Kwastoma in na leƙa masa sai ya yi ta salati. Don haka ina bayan Malam, ni ba likita ba ne. Amma madubin ne ma bai kwanta mini ba. Madubi ai na kallon fuska ne. Me zai hana gilashi ko tabarau?

Malamin Kawo: Ɗan'uwa, a nan zan tsaya wa madubi. Daga duba aka gina shi, kamar yadda aka samu mabuɗi daga buɗe, ma'auni daga auna, magogi daga goge. Abin dubawa ke nan kawai, na kallon fuska ɗaya ne daga cikinsu da ya yi kane-kane a kan sunan. Gilashi kuwa zai yaudare mu a gaba. Na'urar yau da kullum da ke aiki da haske tana da iyaka, ba ta rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita, shi ya sa ƙwayar korona ba ta bayyana a cikinta. Don tsallake wannan iyaka Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera wata a Barlin a 1931, mai aiki da elektiron, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki, a maimakon haske, kuma maganaɗisu ne ke tattara mata su, ba gilashi ba. Hotunan nan da ke yawo a Facebook na kan ƙuda ko idon tururuwa, akasari daga irinta suke, kuma a baƙi da fari suke fitowa, daga baya ake shafa musu launi. In mun ce gilashi, wannan ta fita daga sunan. In mun ce madubi, tana ciki.

Saura rabi na biyu, kuma ga abin da nake ta juyawa a raina: ƙurilla. Kowa ya san kallon ƙurilla, kallon da uwar miji ke yi wa kayan ɗaki, ko mai sayen zinari ga sarƙa. Kallo ne na kusa, na natsuwa, na neman abin da kallon farko ya tsallake. Babu gulma a ciki irin ta ƙwaƙƙwafi, babu nisa irin na hange, kuma bai ambaci mai na'urar ba, aikinta ya ambata. Madubin ƙurilla.

Tsohon Mai Fassara: To bari mu sa shi a jimla, don a nan suna ke faɗuwa. "Masu bincike a cibiyar nazarin ciwon barci da sammore da ke nan Kaduna suna duba jinin shanu da madubin ƙurilla." Ya tafi. "Makarantar ta sayi maduban ƙurilla guda 10." Jam'i bai ba da wahala ba. Ga mai tsawo: "Ƙurar hunturu da ke kwanciya a gilashin mota, in an duba ta a madubin ƙurilla, akan samu ɓurɓushin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa a ciki, domin mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda dā ƙasan babban tafki ne." Numfashi bai yanke ba. Na janye nawa.

Roƙo ɗaya ga masu rubutu: a daina cewa "a ƙarƙashin madubin". Bahaushe yana duba abu a madubi ko da madubi. Ƙarƙashin nan kwashe shi aka yi ɗungurungum daga bakin wasu.

Ɗan Kakuri: Na yarda. Amma wancan ɗan gilashin mai mariƙi da ake ƙirga zaren yadi da shi, wanda yara ke ƙona takarda da shi a rana, kada a haɗa su suna ɗaya.

Malamin Kawo: Ba za a haɗa ba, Baba. Wancan gilashin ƙara girma ne, ya tsaya a haka.

'Yar Lab: Ƙurillar ta yi mini, ba zan ɓoye ba. Ta ma buɗe wata ƙofa, don ana iya cewa ƙurillar jini, a bambanta ta da gwajin nan na tsinke da ake yi a kemis cikin 'yan mintoci. Amma ku sani, gobe in dattijuwa ta tambaye ni, madubin likita zan ce mata, ba zan tsaya yi mata darasi da allura a hannuna ba.

Malamin Kawo: Babu mai ƙwace miki shi, Malama. A asibiti ya ci gaba da zamansa. A darasi da labarai da duk inda ake nufin na'urar gaba ɗayanta, madubin ƙurilla zan rubuta, a karon farko in ce wato maikiroskof, daga nan in bar shi ya tsaya da ƙafarsa. Na Ruska kuma madubin ƙurilla na lantarki.

Mai Gyaran Waya: A'a Malam, na lantarki ba zai yi ba. Nawa ma sai na jona shi a soket fitilarsa ke kamawa, na Anti ma haka, ka ga duk sun zama na lantarki ke nan. A ce na elektiron.

Malamin Kawo: Na elektiron ɗin. Malama, ɗan gilashin nan da kuke shafa jini a kai, me kuke ce wa marasa lafiya sunansa? Shi zan buƙata a shafi na gaba.