Foldar ofis ta ƙi hawa ta VPN, alhali tikitin Kerberos na hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a agaza min. Sabar ofishinmu tana Bauchi, ni kuma aiki ya kawo ni Gombe. Ubuntu nake amfani da ita, kuma in ina ofis foldar kan hau (mount, wato ta buɗe a kwamfutata) lafiya lau da sec=krb5, wato da Kerberos, tsarin tantance mai shiga da ke ba da tikiti. Ta WireGuard kuwa, wato VPN ɗinmu, ping na tafiya, kinit ya ba ni tikiti, klist ya nuna shi, amma mount sai ya ce "Required key not available", lamba 126. Sunan sabar ba ya amsawa ta VPN, shi ya sa nake sa IP. Takardun albashin mutane na ciki, ga wata ya zo ƙarshe.

Wani ɗan uwa daga Yelwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ciwon na cikin maganarka. Kerberos da suna ya san sabar, ba da lamba ba. Tikitin da ka gani a klist na krbtgt ne, na shiga ƙofa kawai. Akwai na biyu da ake karɓowa da sunan cifs/ (tsarin raba folda) haɗe da cikakken sunan sabar, to ka miƙa IP, KDC, mai ba da tikitin, ya duba bai san mai wannan suna ba. Ka sa DNS na ofis (mai fassara suna zuwa IP) a saitin WireGuard, ko ka rubuta sunan a /etc/hosts. Sannan ka gwada kvno, umarnin da ke neman tikitin sabar, da sunan kafin ka sake mount.

Wata 'yar uwa daga Pantami:
In da sudo kake yi, tikitin root ake nema, ba naka ba. Ƙara cruid= a umarnin mount da lambar da id -u ta ba ka, don a nemi tikitinka. Ka tabbatar an saka manhajar keyutils.

Wani dattijon zaure:
A duba agogon sabar ma. Bambancin ya wuce minti 5, Kerberos ba ya yarda, kuma da yadda ake ɗauke wuta, sabar mai mataccen batiri kan tashi da lokacin banza.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, ya hau! Matsalar suna ce da ta cruid. Sai dai babban fayil in na jawo shi yakan tsaya cak.

Ɗan uwa na Yelwa:
Wannan kuma MTU ne, wato iyakar girman fakitin bayanai da ke wucewa, musamman in da datar waya kake. WireGuard kan fara da 1420. Mayar da shi 1280 ka gani, in ya tafi sai ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan.