Wai akwai mai koyon yaren Klingon a nan? Na maƙale

Dan_Tauraro: Salam jama'a. Sati uku kenan da na fara Klingon a manhajar koyon harsuna ta Duolingo, yaren nan na fim ɗin Star Trek, kuma wallahi kaina ya ɗau zafi. Kalmomi ina haddacewa ba matsala, na san Qapla' (nasara) na san nuqneH (gaisuwarsu, "me kake so"), amma da an ce in haɗa jimla sai komai ya dagule, jiya na so in ce "yaro ya ga jirgi" na rubuta puq legh Duj aka ce na faɗi, na sake dubawa ban ga kuskure ba. Ina matsalar take don Allah? Kuma kar wanda ya ce min rashin aikin yi ne, na ji wannan a gida ya ishe ni.

Maman_Hanan: Hhhh ɗan'uwa ai cewa ka yi jirgi ne ya ga yaro. A Klingon wanda aka yi wa aikin shi ke zuwa farko, sai aikatau, sai mai aikin a ƙarshe, wato Duj legh puq. Da gangan Marc Okrand ya yi haka lokacin da ya tsara yaren don fim na uku da ya fito a 1984, ya zaɓi tsarin da ba kasafai ake samu a harsunan mutane ba don ya yi kama da na wata duniya. Ni da na fara daga dama nake karanta jimla kamar Larabci har na saba, ba dabara ce mai kyau sosai ba amma ta fitar da ni.

Injiniya_BK: Gaskiyar Maman Hanan ne, amma ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba, ɗafa-goshin aikatau ne ke kayar da mutane. Ƙwaya ɗaya tal take gaya maka wa ya yi kuma wa aka yi wa. Dubi legh, gani: qalegh na gan ka, cholegh ka gan ni, vIlegh na gan shi, mulegh ya gan ni. Ka zana teburin nan a takarda ka manna a bango, ni a bayan ƙofar banɗaki na manna nawa wata biyu, kafin ka taɓa fassarar komai. Sai jam'i, kala uku ne, -pu' na masu magana, -Du' na gaɓoɓin jiki, -mey na sauran tarkace, shi ya sa puqpu' yara, ghopDu' hannuwa, Dujmey jirage. In ka ce puqmey kuwa ka ce yara a warwatse ko'ina kenan. Kuma Duolingo ba ya bayani yadda ya kamata, nemi ƙamus ɗin Okrand na 1985, bugun 1992 ya fi don an yi ƙari, sannan ka sauke manhajar ƙamus ta boQwI' a waya, yana fasa maka kalma gunduwa-gunduwa.

Dan_Tauraro: Kai na gode. To furucin fa? Wayata kuma sai gyara min manyan baƙaƙe take.

Maman_Hanan: Kashe gyaran nan tun wuri, q da Q ba ɗaya ba ne, ma'ana canzawa take. Furuci kuma in ka yi Islamiyya ka ci rabi, q kusan ƙaf ɗin Larabci ce, H kamar kha, gh kamar gain, alamar ' kuma ita ce tsayawar da muke yi a "a'a". tlh ce dai har yau in na faɗa sai na fesa wa na kusa da ni yawu.

Dan_Tauraro: Bari in gwada: Duj vIlegh. In daidai ne ku faɗa min, in ba haka ba jIyajbe', wato ban gane ba.

Injiniya_BK: Daidai ne. Yanzu mai da shi "ban ga jirgin ba" mu gani.