An ɗebi ruwa da allura a wuyan Babanmu, wai har yanzu sai an ƙara wani gwaji

'Yar Jekadafari:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin asibiti ku taimaka min. Babanmu ya daɗe yana tari yana ramewa, aka ce tarin fuka ne ya sha magani ba sauƙi, gwajin tarin fuka na GeneXpert kuma bai nuna komai ba. Da aka yi hoton ƙirji sai aka ga ƙari a huhu, ga wani ƙulli a gefen wuyansa, shi ne suka soka allura suka zuƙo ɗan abu kamar ɗigo. Sakamako ya fito wai ana zargin kansar nuroyendokirin, amma sai an ƙara gwaji. To ni abin da ya ɗaure min kai, ɗigon nan ya isa a gane kansa? In ya isa kuma me ya sa za a sake wani, kuɗi fa ba kaɗan ba.

Ɗan Bolari:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ya taɓa shan taba? Ba don a zarge shi ba, likita ma zai tambaya.

'Yar Jekadafari:
Amin na gode. Ya sha da ƙuruciya har ya manyanta, amma ya bari.

Malamin Lab:
'Yar uwa sannu da jinya. Ɗigon ya isa a ga abubuwa da yawa, ana shafa shi a gilashi a rina a duba da madubin likita, shi ake kira saitoloji. Matsalar ita ce nuroyendokirin ba cuta ɗaya ba ce, a huhu gida ne mai kashi 4. Akwai kasinoyid iri 2 masu tafiya a hankali, waɗanda galibi tiyata ake yi a cire, sannan akwai masu gudu guda 2, mai manyan ƙwayoyi da mai ƙananan ƙwayoyi. Ta ƙarshen nan ita ta fi yawa, kusan kashi 15 cikin 100 na kansar huhu, kuma tana bin masu shan taba sosai, ita ba a cika yi mata tiyata ba, kemo wato maganin kashe ƙwayoyin kansa ake farawa da shi, wani lokaci a haɗa da gashi da na'ura wato rediyoterafi.

A madubi ƙwayoyinta ƙanana ne, kusan duk cibiya ce, wato ƙwallon tsakiyar ƙwaya, ba nama, suna matse juna kowace ta ɗauki siffar maƙwabciyarta, cikinsu kamar an barbaɗa gishiri da barkono. Amma fa ba su da ƙwari ko kaɗan, wajen zuƙowa ko shafawa sai su murƙushe su zama zare-zare, to a nan ake ruɗewa, don kasinoyid in ta murƙushe tana iya kama da ita, haka ma kansar kaluluwa wato limfoma. Shi ya sa ake dunƙule ragowar samfurin a daskarar a yanka, a sa masa sinadarai irin su sinaptofaisin da kuromogiranin da CD56 su tabbatar da gidan, sai wani gwajin mai suna Ki-67 ya nuna saurin rabuwar ƙwayoyin, a kasinoyid ƙasa yake, a mai ƙananan ƙwayoyi kuwa yakan haura 50 cikin 100 nesa. Wallahi ni da a ce mahaifina ne ba zan yarda a ɗaura masa kemo ba sai wannan ya fito.

Inna daga Kumo:
Allah ya saka da alheri malam. Ɗiyata abin da zan ƙara, kar ku ce bari mu koma gida mu gwada na gargajiya tukuna, addu'a kam a yi ta yi amma a ci gaba da asibiti. Ku zauna da 'yan uwa yau ɗin nan a haɗa kuɗin.

'Yar Jekadafari:
Amin Inna, in sha Allah. Malam to sai an sake soka masa allura kenan? Ya ji jiki sosai.

Malamin Lab:
Ba lallai ba. Ki tambayi likitansa ko an ajiye dunƙulen samfurin farko kuma ƙwayoyin ciki sun isa, in sun isa da shi za a yi, ko da sai an tura wani gari. In ba su isa ba sai a ɗan yanko tsoka daga ƙullin wuyan, ya fi shiga huhu sauƙi. Ki tambaya kuma yaushe zai fito, ki riƙa bibiya, don in mai ƙananan ƙwayoyin ce makonni ma suna da muhimmanci. In kika ga fuskarsa ko wuyansa na kumbura, ko numfashi na gagararsa, ko ya fara ruɗewa, ku kai shi sashen gaggawa kar ku jira ranar kilinik.