Muhawara: Shin yarjejeniyar ƙasashe ta taɓa hana wariya?

Baba Dattijo: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina duk wannan taron ƙasashe kan wariyar launin fata ɓata lokaci ne. Tun Disambar 1965 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kawar da wariya, ta fara aiki a 1969, ƙasashe sama da 180 suka shiga. Amma a 2020, duniya na kallo, ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis har rai ya yi halinsa. Me takardar ta hana?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. A tuna Afirka ta Kudu. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. Bayan nan aka hana ƙasar shiga wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, aka hana wakilanta zama a Babban Zauren Majalisa a 1974, Kwamitin Sulhu ya haramta sayar mata da makamai a 1977. Hatta majalisar dokokin Amurka ta kakaba mata takunkumi a 1986, duk da Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Baba.

Baba Dattijo: Malam, ƙidaya mana. Daga Sharpeville zuwa fitowar Mandela a 1990, shekara talatin ke nan. Yaran Soweto da aka bindige a 1976, su suka biya da jininsu, ba masu zama a zaure ba.

Barista: Baba, a yi min izini. Jinin yaran nan shi ya farkar da duniya, wannan haka yake. Sai dai abin da ya sa gwamnatin wariya ta durƙusa har da taɓa mata aljihu da makamai da wasanni. Yarjejeniyar 1965 kuwa ba ta da irin wannan haƙori. Kwamitin ƙwararru 18 ne ke kula da ita, ƙasa ta kawo rahoto, su yi mata tambayoyi, su ba da shawara. Ba soja, ba tara. Ko mutum ɗaya ma ba zai iya kai ƙarar ƙasarsa gabansu ba sai in ƙasar ta amince tun farko.

Ɗaliba: Anti Barista, ai wannan ya ƙara ƙarfafa maganar Baba. A Yunin 2020 Burkina Faso, da yawun ƙasashen Afirka, ta nemi zaman gaggawa a Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Janiba, bayan kisan George Floyd. An so a kafa kwamitin bincike kan Amurka, amma kafin a kammala ƙuduri sai aka janye wannan buƙata. In mai laifin babba ne, murya takan yi ƙasa.

Hajiya: Ni abin da ke ci min rai daban ne, kuma ba wanda ya taɓo shi. Kullum muna nuna Turawa da yatsa. A Mayun 2008 mutum 62 aka kashe a Afirka ta Kudu a tarzomar ƙin jinin baƙi, ƙasar da makwabta suka ɓoye 'ya'yanta lokacin wahala. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta kori sama da miliyan ɗaya a 1983. Laifi tudu ne. Wallahi duk ranar da na tuna 'yan ci-rani da aka yi gwanjonsu a Libiya a 2017, zuciyata sai ta karye.

Malamin Tarihi: Gaskiyarki Hajiya. Amma dubi Gambiya, ƴar ƙaramar ƙasa, ta maka Myanmar a Kotun Duniya a Nuwambar 2019 saboda 'yan Rohingya, kuma a Janairun 2020 kotun ta umarci a kare su. Ba don yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ba, ta wace ƙofa za ta shiga?

Baba Dattijo: Har yanzu suna sansanonin Cox's Bazar a Bangladash, Malam. Na Afirka ta Kudu na sallama maka, don an ji a jika. Wannan kuwa ban gani a ƙasa ba.

Barista: Ban musa ba Baba. Amma a taron duniya kan wariyar launin fata da aka yi a Durban a 2001, duk da Amurka da Isra'ila sun fice, an rubuta cewa bauta da cinikin bayi laifi ne ga bil'adama. Masu neman diyya suna kafa hujja da wannan rubutu har gobe. Kuma ƙungiyoyin farar hula suna da damar aika wa kwamitin nan na ƙwararru 18 nasu rahoton, su ƙaryata na gwamnati.

Baba Dattijo: To 'yata, wannan na ƙarshe ban san da shi ba. Yi min bayanin yadda ake aikawa, da kuma ko ana kiran gwamnatin ta amsa a bainar jama'a.