Kwana a Daji da Iyali: Shawarwarin Waɗanda Suka Saba

Da iyayen da suka saba fita kwana a daji suka tattauna kan saɓanin ra'ayi a cikin iyali, yawancinsu a kan barci suka tsaya. Wanda ya kwana yana juyi, in ji su, ba zai sake biyo ku ba. Ƙasa mai sanyi tana zuƙe ɗumin jiki, shi ya sa shimfiɗa mai kauri ta fi tulin barguna amfani. Mai ciwon baya a tanadar masa katifar iska, kada a ce son jiki ne.

Batun nisa kuwa an ja. Wasu na son kutsawa inda babu sabis, wasu ba sa iya rabuwa da banɗaki. Shawarar da ta fi karɓuwa, kuma a ganina ta fi ma'ana: a kafa tanti kusa da mota, masu ƙarfin ƙafa su yi yawonsu su dawo kafin duhu.

Ba wanda ya yi gardama kan cewa komai sanyi kada a kunna risho ko gawayi cikin tanti, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.