Neman shawara: jita ta biyu mai sauƙin kuɗi, wadda ake jonawa da lasifika

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kaɗa jita a wuraren biki a nan Kaduna. Ranar Asabar, ana tsakiyar shigo da amarya, tsarkiya ta uku ta tsinke mini. Na tsuguna bayan lasifika ina ɗaura sabuwa, hannuna na rawa, mai piyano shi kaɗai ya riƙe wurin. Har yanzu abin yana cina a rai. Ina so in sayi jita ta biyu in riƙa jingine ta a gefe, irin mai akwati wadda kuma ake jona mata waya. Abin da ke hannuna bai kai rabin kuɗin ta farko ba. Wacce za ku ba ni shawara?

Daga Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka kalli suna, kalli katakon fuskarta. Akwai mai falle ɗaya, akwai wadda aka manna siraran katako hawa-hawa. Mai falle ɗaya ta fi daɗin amo, amma ba ta jure hunturunmu. Jita tana son danshin iska kamar kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu leɓe ma fashewa yake yi. Tawa a kan idona ta tsage, tun daga gindin tsarkiya (katakon da ake ɗaura tsarkiya a fuskar jita) har ƙasa, don na bar ta a bayan mota. Jitar da za ta sha yawo da ƙura, mai hawa-hawan ta fi dacewa da ita, ga araha. In ta shiga lasifika kuma, ba kowane kunne ne zai raba su ba.

Daga Kano:
Yamaha APX600 nake riƙe da ita. Cikinta siriri ne, shi ya sa ba ta cika sa lasifika kuka ba in an ƙure murya. Sannan batirinta AA ne, na rimot, ko a teburin mai shayi ka tambaya za a nuna maka inda ake sayarwa. Fender CD-60SCE ma tana da kyau, sai dai fuskarta falle ɗaya ce, batirinta kuma mai bolt 9. Je ka neme shi da ƙarfe goma na dare ka gani.

Daga Jos:
Ni ban goyi bayan sayen sabuwa ba, Malam. Nemi ta hannu mai lafiya, ko da marar waya ce, ka sayi ɗan abin ɗaukar sauti da ake maƙalawa a bakin ramin da ke fuskar jitar. Amma ka je da kanka. Ɗaga ta ka hango wuyan daga kai kamar mai duba sanda, ka ga ko ya lanƙwashe. A gaɓa ta 12 ta wuyan, tazarar babbar tsarkiya da siririn ƙarfen gaɓar kada ta wuce milimita 3. Leƙa gindin tsarkiya, in takarda tana shiga ƙarƙashinsa, ya fara ɗagowa, ajiye musu abinsu. Kuma ka sa a jona ta, ka jijjiga wayar a bakin ramin jonawa, in ka ji ƙarar-ƙarar to akwai gyara a gaba. Ka kula da jabu, suna da yawa, tambari kawai aka liƙa.

Daga Zariya:
Na manta: cire mata waya duk lokacin da ka ajiye ta. Muddin wayar na ciki, batir yana ci.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yaya na Zariya, ka tsorata ni, don ta farkon falle ɗaya ce. Zan bi ta hannu mai hawa-hawa. Malam na Jos, in wuyan ya ɗan lanƙwashe kaɗan, ƙarfen da ke cikinsa zai iya miƙar da shi, ko in haƙura da ita?